Cok ba ƙarin ƙarfi ba ne

Tun daga duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, kalmar cok ta bar garejin bakanikai ta shiga bakin kowa a Zariya. Mai aski a Samaru, mai kanti a PZ, uwargida mai sayar da ƙanƙara a Tudun Wada, duk sun koyi jan igiyar janareta da taɓa ɗan hannun robar nan da ke gefen filtar iska. Daga nan kalmar ta hau rediyo. Yanzu sai ka ji sojan baka yana yabon ubangidansa wai ya ja wa ƙaramar hukuma cok, aiki sai gudu. Samari kuma sun haɗa ta da wata sara, "E choke", da ta zo daga Legas a wajen 2021, wadda ake yi wa abin da ya burge har ya hana mutum magana. Wannan ta samari ba ruwana da ita, wasa ne. Ta rediyon ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin masu faɗinta sun ɗauka cok totur ne, ko wani maɓalli da ke ƙara wa inji ƙarfi.

Cok faifai ne ƙarami na ƙarfe ko na roba, mai juyawa a kan siririn sanda a bakin kafireta, wato mahaɗar iska da mai, daidai inda iska ke shiga. Aikinsa ɗaya tak: ya tare iska. Injin fetur yana son iska da mai su haɗu a kan wani ma'auni, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan aka auna da nauyi. Maƙogwaron kafireta a tsuke yake a tsakiya, saboda haka iskar da fistan ke zuƙowa tana ƙara gudu a wurin, ta janyo mai daga ɗan kofin da ke ƙasa ta cikin wata ƙaramar huda da bakanikai ke kira jet. Amma fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi. Da asubahin hunturu, lokacin da sanyin Zariya ke sa ƙarfe ya yi kamar ƙanƙara, yawancin man da ya shiga liƙewa yake yi a jikin bututu yana nan ruwa, ɗan abin da ya isa ga fulogi bai isa ya kama ba. Idan aka rufe faifan, fistan ya zuƙa bai samu iska ba, sai zuƙar ta koma kan jet, mai ya fito da yawa. Wanda ya taɓa shan zoɓo da tsinken roba mai huda a gefe ya san abin: sai ka toshe hudar da yatsa kafin zoɓon ya hau. A cikin man nan mai yawa ake samun ɗan tururin da zai tada inji. Da ya ɗumama, buƙatar ta ƙare.

To ina ƙarfi a nan? Injin da aka bari a cok bayan ya yi zafi shaƙe yake. Yana tari, yana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi yana yin baƙi ƙirin, wutar da yake bayarwa tana rawa. Man da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi; buɗe murfin ka sansana, za ka ji warin fetur. Hayaƙin kuma yana ƙara ɗauke da gubar nan marar launi marar wari da ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da janareta a zaure ko a bakin taga. Wanda ya ce an ja wa jama'a cok, in da ya san abin da yake faɗa, ai tonon asiri ya yi wa ubangidan nasa.

Wani ɓangare na laifin na masu ƙera injinan ne. A jikin wani an rubuta ON da OFF, a wani OPEN da CLOSE, a wani kuma zane ne kawai na ɗan layi a karkace tsakanin layuka biyu. ON yana nufin cok na aiki, wato faifan a rufe yake. OPEN kuwa yana nufin cok ya sauka daga aiki. Sai mutum ya kira bakanike a waya, a ce masa "buɗe cok", shi ya fahimci kunnawa, bakanike kuma yana nufin sakewa, a yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, fulogi ya jiƙe sharkaf. Da za a bi ta tawa, da an daina cewa buɗe da kunna gaba ɗaya, a tsaya a kan "sa cok" da "cire cok". (Masu gyaran wutar gida su ma suna da nasu cok ɗin, dunƙulen naɗin wayar nan da ke cikin doguwar fitila, wanda ke rage wa lantarki gudu. Shi ma tarewa yake yi.)

Amma ruɗanin da ya fi ɓata mini rai shi ne na "cok ya maƙale". Jimla ɗaya ce ake faɗa wa cuta biyu da ba su haɗa komai ba.

Maƙalewa ta gaskiya ba ta cika samun ƙananan janaretocinmu irin su Tiger, Elepaq da Sumec Firman ba, domin nasu na hannu ne, kai kake turawa, in ya ƙi motsi nan take za ka ji a yatsanka. Inda ta yi suna shi ne a injinan da ke sa wa kansu cok. Babban misali shi ne janaretan da ake girkawa a ƙarƙashin motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda Amurkawa ke yawon hutu da su. Yawancinsu ƙirar Onan ne, na kamfanin Cummins, kuma daga cikin mota ake danna maɓalli su tashi, ba mai sunkuyawa ya taɓa kafireta. A madadin hannun mutum, an sa wani sifirin naɗaɗɗe da aka yi da ƙarfe iri biyu a manne. Ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa idan ya ji zafi, saboda haka in inji ya yi sanyi sifirin yana murɗewa ya rufe faifan, in ya ɗumama ya warware ya buɗe shi a hankali. A wasu ƙirar zafin salansa ne ke ɗumama shi, a wasu ɗan hita ne na lantarki. Akwai kuma wata 'yar roba da zuƙar inji ke ja, wadda ke ɗan ɗaga faifan da zarar inji ya kama don kada ya shaƙe. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙarfin sifirin kaɗan ne ƙwarai, ɗan datti ya isa ya rinjaye shi. Motocin nan kuwa sukan yi watanni a ajiye idan sanyi ya shigo. Fetur ya bushe ya bar danƙo a jikin sandar faifan, ga shi yawancin man Amurka da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol mai jawo laima, tsatsa ta kama mahaɗai. Ran da aka zo tafiya, ko dai faifan ya tsaya a buɗe inji ya ƙi tashi da sanyi, ko ya tsaya a rufe inji ya tashi lafiya, bayan 'yan mintoci ya fara hayaƙi ya mutu.

Gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. A kashe inji ya huce, a cire wayar batir don kada wani ya danna maɓalli hannunka na ciki, a cire filtar iska a leƙa. Da sanyi ya kamata a ga faifan a rufe ko dab da rufewa, in ka tura shi da yatsa ya tafi salin alin ya dawo da kansa. In ya cije, a fesa maganin wanke kafireta a bakin sandar ta kowane gefe da kuma mahaɗan, ana motsa shi a hankali har ya saki. Kada a sa filaya, sandar lanƙwasewa take yi, ta roba kuma ta karye. Kada a shafa giris ko baƙin mai. A garin da hazo ke rufe rana daga Disamba zuwa Fabrairu, maiƙo gayyatar ƙura ne. Sai a tada inji a sa ido: cikin 'yan mintoci faifan ya miƙe ya ba iska hanya gaba ɗaya. In yana motsi da yatsa amma bai buɗe da kansa ba, to a duba sifirin, ko hanyar da zafi ke isa gare shi, ko siririn tiyon da ke kai zuƙar inji ga 'yar robar nan ko ya tsage. In irin wannan inji ya faɗo hannun wani a nan a matsayin kayan gwanjo, ya tuna an yi shi ne don wutar Amurka mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce.

Cuta ta biyu ita ce tamu, kuma ita ake yi wa ƙarya. Janareta ya tashi a cok, ana cire cok ya mutu, ko ya riƙa hawa da sauka kamar mai haki. Maigida ya kai shi Sabon Gari ya ce, "Malam, cok ɗin nan ya maƙale." Bakanike mai tsoron Allah zai ce masa, "Alhaji, cok ɗinka lafiyarsa ƙalau, jet ne ya toshe." Hudar ba ta fi bakin allura ba. Ƙura daga filtar da ta yage, tsatsar tanki, ruwa ko dattin man bumburutu, duk suna rage ta. Mai ya yi kaɗan, inji ba ya iya rayuwa sai an rage masa iska ta yi daidai da ɗan abin da ke fitowa. Wani lokaci ma ba jet ba ne, gasket ɗin da ke tsakanin kafireta da inji ne ya fashe yana shigo da iska ta bayan fage. Aikin da ake buƙata shi ne a kwance kofin, a fitar da jet a wanke a hura, a canza filta. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a samu kyauron roba a ɗaure hannun cok a rabi, a ce an gano lagonsa. Zaga shaguna a Kwangila ko Ƙofar Doka da magariba ka ƙirga masu ɗaurin nan. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, mutumin da ke lissafin kowace lita shi ne kuma yake ƙona ta a banza ta salansa, don gudun kuɗin wankin kafireta. Ni dai ban ga hikima a ciki ba.

Yaran yanzu ba su san cok a mota ba, domin motocin zamani kwamfuta ce ke auna mai ta fesa, ta san da sanyi ta ƙara da kanta. Waɗanda suka tuƙa tsohuwar Fijo su ne suka san maɓallin da ake ja a gaban direba da safe. A babura irin su Jincheng da Boxer yana nan. Injin dizal kuwa ba shi da shi sam, shi da matsi yake kamawa, don haka mai injin niƙa ko babban janaretan gas da aka ce wa cok ɗinsa ya lalace, ya riƙe aljihunsa.

Littafin da Onan ke bayarwa tare da injinansa ya ce wanda ba ya yawan amfani da nasa ya tada shi wajen awa 2 kowane wata, da nauyin kusan rabin ƙarfinsa, don mai ya zagaya kuma laima ta bushe. A nan ba mu da matsalar ajiye janareta ya huta sai ɗan lokacin da wuta ta zauna, ko in mutum zai yi doguwar tafiya. A irin wannan hali a rufe famfon mai da ke ƙarƙashin tanki tun inji na aiki, bayan an cire kayan da ke jone, a bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa. Ɗan abin da ya saura a kofin, akwai noti a ƙasansa na tsiyaye shi.