Zaman Mota Bayan Ritaya a Amurka

Zaman mota wata hanyar rayuwa ce da wasu 'yan fansho a Amurka da Kanada ke zaɓa, inda mutum ke komawa cikin motar da aka ƙera da gado, kicin da banɗaki. RV ake kiranta a can. Wata girmanta ya kai na bas, wata kuma tirela ce da a-kori-kura ke ja, kuma yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su.

Masu yin haka kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke riƙe da gidansu, sanyi na shigowa su kulle ƙofa su gangara kudu. Garin Quartzsite a hamadar Arizona kan cika maƙil da su a watan Janairu, kuma gwamnatin tarayya na sayar da izinin zama a filayenta na kusa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Akwai kuma waɗanda ke sayar da gidan ɗungurungum, kuma a nan lissafin yake da nauyi.

Wanda ya sayar ya huta da harajin gida da gyaran rufi. Dokar Amurka ma ta yafe haraji a kan ribar sayar da gida har dala 250,000 ga mutum ɗaya, 500,000 ga ma'aurata, muddin sun zauna a ciki shekara 2 daga cikin 5 na ƙarshe. Sai dai gida yakan ƙara daraja, mota kuwa daga ranar da ta bar hannun dillali take faɗuwa. Ga mai, ga kuɗin zango, ga taya. Ranar da ta kwana a gareji, mai ita sai ya nemi otal. Tankin ƙazantar banɗaki kuma shi zai riƙa juye shi da mesa duk 'yan kwanaki, aikin da tallan motocin ba ya nunawa.

Doka na son kowa da adireshi. Shi ya sa da yawa ke yin rajistar adireshinsu a Teksas, Fulorida ko Dakota ta Kudu, jihohin da ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Ƙungiyar masu zaman mota ta Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, tana karɓar wa mambobinta wasiƙu a Livingston ta Teksas, ta tura musu duk inda suka yada zango.

Mafi wuyar sha'ani shi ne lafiya. Inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare, da ake shiga a shekara 65, ainihin tsarinta yana aiki a ko'ina cikin ƙasar, amma tsarin Medicare Advantage, wanda kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa, yakan ɗaure mutum ga likitocin yanki guda. In ido ya raunana ko gwiwa ta ƙi hawa matakala, tuƙi ya ƙare, kuma kuɗin tsohuwar mota da wuya ya sayi irin gidan da aka rabu da shi. Saboda haka wasu ke ba da gidan haya na shekara ɗaya ko biyu, su ɗanɗana hanyar tukuna.