Idan gidan ƙona gawa na kusa da inda kuke zaune

Mu a al'adarmu da addininmu binne mamaci ake yi, shi ya sa maganar ƙona gawa take mana nauyi a baki. Amma 'yan'uwanmu da ke karatu ko jinya a Indiya, da masu zama a Ingila inda ake ƙona kusan kashi 80 cikin 100 na mamata, suna kama haya a unguwannin da irin waɗannan gidaje suke. Ko a Legas ma, tun 2013 akwai dokar da ta yarda a ƙona gawar wanda ya zaɓi haka. Aƙidar wasu ce, ba hurumina ba ne a matsayina na ma'aikacin lafiyar muhalli. Damuwata ita ce iskar da ke shiga huhun yaranku.

Bari in fara kwantar muku da hankali: hayaƙin ba ya ɗauke da cutar da ta kashe mamacin. Zafin murhun yana kaiwa digiri 800 zuwa 1000, babu ƙwayar cutar da za ta tsira.

Haɗarin yana wani wuri daban. Mutane da yawa suna da cikon haƙori na azurfa, wanda kusan rabinsa zaiba ce, ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Da wuta ta taɓa ta sai ta zama tururi, ta bi bututu ta fita, ta sauka a ƙasa da ruwa, daga nan ta taru a jikin kifi. Zaiba tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ɗan tayi a ciki ya fi kowa shan wahalarta. Wannan ne ya sa gwamnatin Birtaniya ta ce kafin ƙarshen 2012 sai rabin ƙone-ƙonen da ake yi a ƙasar sun kasance a murhun da ke da matatar zaiba. Sai kuma roba da fenti da ke jikin akwati ko tufafi: idan wutar ba ta yi zafi sosai ba, suna fitar da dayoksin, sinadarin da ke jawo cutar kansa. Ga ƙananan ɓurɓushin toka da ido ba ya gani, su ne ke tayar wa mai asma da ciwonsa, su wahalar da tsoho mai ciwon zuciya.

Ba duka gidajen suka zama ɗaya ba. Na zamani mai ɗakin wuta biyu da matata, in ana kula da shi, hayaƙinsa kaɗan ne. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ƙonawa a fili da itace, kamar yadda ake yi a bakin kogi a birnin Baranasi na Indiya, inda gawa ɗaya kan ci kilo ɗaruruwa na itace, hayaƙin kuma ya bi iska kai tsaye cikin gidaje.

Saboda haka kafin ku biya kuɗin haya, ku zaga unguwar. Dokar Ingila ta 1902 ta hana gina irin wannan wuri ƙasa da yadi 200 daga gidan zama sai da yardar masu gidan a rubuce. Ku riƙe wannan a matsayin ma'auni. Ku dubi bututun: baƙin hayaƙi ko ƙauri alama ce wutar ba ta ci yadda ya kamata. In kun riga kun tare, ku rufe tagogin da ke fuskantar wurin lokacin da ake aiki, kada a shanya kayan jarirai a waje, mai asma kuma kada maganin shaƙarsa ya yi nisa da shi. Ku riƙa rubuta rana da lokacin da kuka ga hayaƙi, ku haɗa kai da maƙwabta ku kai wa ofishin kula da muhalli na yankin, domin da irin wannan rubutu ne jami'i ke samun hujjar zuwa ya duba murhun.