Kitse, kolestarol da cin abinci irin na mutanen farko: inda gardamar ta samo asali

A 1913 wani likita a Rasha, Nikolai Anichkov, ya riƙa ciyar da zomaye kolestarol, wani nau'in maiƙo da ake samu a jini da abincin da ya fito daga dabba, da ya yanka su sai ya tarar jijiyoyin jininsu sun cushe da wani abu mai maiƙo. Masana da yawa suka yi watsi da aikin, suka ce zomo ciyawa yake ci, ba za a auna mutum da shi ba. Maganar ta kwanta har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ciwon zuciya ya fara ɗaukar magidanta a Amurka babu ƙaƙƙautawa, har ya kwantar da Shugaba Eisenhower a 1955.

A wannan yanayi ne Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya fara bincikensa na ƙasashe bakwai a 1958. Ya ga maza a gabashin Finlan, masu cin man shanu da madara mai kauri, kolestarol ɗinsu ya yi sama kuma zuciya na kashe su, alhali mutanen tsibirin Kirit na Girka da na ƙauyukan Japan sun fi su lafiya nesa ba kusa ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar rage kitsen dabba a 1961, gwamnati ta bi sahu daga 1977. Har yau ana sukar yadda Keys ya zaɓi ƙasashensa, amma abin da ya biyo baya a ɗakin gwaji ya fi ƙarfin sukar. Michael Brown da Joseph Goldstein sun gano wasu ƙofofi a jikin ƙwayoyin halitta, musamman na hanta, masu kwashe kolestarol nau'in LDL, wanda ake kira mugun kolestarol, daga jini, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985. Kitse mai daskarewa yana rage aikin waɗannan ƙofofi, sai LDL ya daɗe yana yawo a jini, yana kutsawa bangon jijiya.

Wannan kitse ba ya ɓuya. A bar kaskon da aka soya nama mai kitse ya huce, za a ga farin maiƙo ya sandare a gefe, sai an kankare shi da cokali. Man zaitun kuwa yana nan ruwa-ruwa a kwalbarsa.

A waccan shekarar ta 1985 ce Boyd Eaton da Melvin Konner suka buga maƙalar da ta haifi abin da ake kira paleo a yau. Hujjarsu ita ce jikin ɗan Adam ya daɗe yana rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace da saiwoyi, noma kuwa bai wuce shekara dubu goma ba, don haka a koma ga nama, kifi, ganye da 'ya'yan itace. Loren Cordain ya yaɗa tsarin a littafinsa na 2002, inda aka cire hatsi, madara da dangin wake. Abin da mutane suka manta shi ne Eaton da Konner sun nuna naman daji kitsensa bai wuce kusan kashi 4 cikin ɗari ba, na dabbar da aka yi wa kiwon turke kuwa yakan kai kashi 25 zuwa 30. Abincin da suka bayyana ba mai kitse ba ne.

Da tsarin ya shiga intanet sai ya sauya kama. Aka haɗa shi da masu gudun sitaci, aka shigo da man shanu, naman ƙirji mai kitse da man kwakwa, wanda sama da kashi 80 cikin ɗari nasa kitse mai daskarewa ne. Wasu nazarce-nazarce na 2010 da 2014 da ba su ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin wannan kitse da ciwon zuciya ba suka ƙara musu ƙwarin gwiwa, har mujallar Time ta sa man shanu a bangonta a 2014. A ganina nan aka yi wa jama'a mummunar fassara. Tambayar da ta dace ita ce me mutum ya ci a madadin kitsen da ya bari. Wanda ya musanya shi da sukari da farin fulawa bai ci ribar komai ba. Wanda ya musanya shi da man tsirrai mai ruwa irin su man waken soya da na masara, haɗarin ciwon zuciyarsa na raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari, kamar yadda likitocin zuciya na Amurka suka bayyana a 2017.

Ba ina cewa paleo ba shi da alheri ba. Ƙananan gwaje-gwaje a Suwidin sun nuna raguwar ƙiba, gyaruwar sukarin jini da saukar maiƙon jini da ake kira tiraigilisaraid, kuma ba mamaki, tunda an bar kayan gwangwani da kayan zaƙi. Amma a duba mutanen Tsimane na Bolibiya, waɗanda binciken 2017 ya samu jijiyoyin zuciyarsu sun fi na duk al'ummar da aka taɓa aunawa tsabta. Kusan kashi 72 cikin ɗari na ƙarfin abincinsu daga sitaci yake, kitse kashi 14 kacal, kuma wuni suke a kan ƙafa.

Akan ce jiki magayi, sai dai a batun kolestarol shiru yake yi. Mutum zai rame, ya ji ƙarfi, HDL ɗinsa, wato kolestarol ɗin da ake kira mai kyau, ya tashi, a ƙasan takardar gwajin kuma LDL ya haye. Jiki ma ba ɗaya ba ne: kusan mutum 1 cikin 250 ya gaji lahani a waɗancan ƙofofin hanta, kuma yawancinsu ba su sani ba. Wanda zai fara wannan tsari ya auna jininsa tukuna, ya sake aunawa bayan wata biyu ko uku, ya kai wa likitansa takardun biyu a haɗe.