Ces-fai: Gasasshen Kwastad na Kudancin Ƙasar Amurka

Ces-fai, wanda a Turance ake rubutawa chess pie, kayan zaƙi ne da ake gasawa a gidajen kudancin ƙasar Amurka, musamman a jihohin Bajiniya, Kentaki da Tenesi. Ɓawon fulawa ake shimfiɗawa a faranti mai ɗan zurfi, a zuba haɗin ƙwai da sukari da bota, a gasa har ya kama jikinsa. Ba a rufe samansa da wani ɓawon kamar yadda ake yi wa mitfai. In ya yi yadda ake so, samansa kan yi ɗan siririn ƙanzo mai launin zuma, wanda ke fashewa da zarar cokali ya taɓa shi. Cikinsa kuwa rawaya ne, ga santsi ga maiƙo, ga zaƙin da ya sa ba a yanka wa mutum babban yanki. Galibi da baƙin kofi ake cin sa, don ɗacin ya kashe zaƙin.

Kwastad ɗin da ake nufi a nan ba garin nan ba ne mai launin rawaya da muke damawa kamar koko. Wancan sitacin masara ne da launi da ƙamshi, kuma wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa da ƙwai ba ya karɓarta. Kwastad na asali ƙwai ne ke ɗaure shi, zafin wuta kuma shi ke sa ƙwan ya ɗaure. Duk wahalar ces-fai a nan take.

Asali da suna

Tushensa daga Ingila yake, inda aka daɗe ana gasa ƙwai da madara cikin ɓawo. Turawan da suka yi ƙaura zuwa Bajiniya sun tafi da wannan girki. A cikin kundin girki na hannu da Martha Washington, matar shugaban Amurka na farko, ta riƙe shekaru masu yawa kafin ta miƙa wa jikarta a 1799, akwai bayanin yadda ake yin kek ɗin cuku ba tare da cuku ba, da ƙwai da kirim da bota da sukari. Masana tarihin abinci da dama na ganin wannan shi ne kakan ces-fai. Abin da ƙasar Amurka ta ƙara masa shi ne garin masara, hatsin da baƙin suka samu a hannun 'yan asalin ƙasar. A manyan gidajen gona na kudu kuwa, kafin a soke bauta a 1865, hannuwan da ke kwaɓa ɓawon da kula da wutar galibi na bayi ne 'yan asalin Afirka, waɗanda ba kasafai sunansu ke shiga littattafan girkin ba.

Game da sunan, bayani uku ne suka fi yawo. Na farko ya ce kalmar cheese ce, wato cuku, baki ya lanƙwasa ta koma chess. Wannan ya fi dacewa da abin da tsofaffin rubuce-rubuce suka nuna. Na biyu ya danganta shi da chest, wato kabad ɗin katako mai ƙofofin kwano masu ƙananan huji da ake ajiye gasassun abubuwa a ciki kafin zuwan firji. Yawan sukarin da ke cikinsa ya sa yana jure zama fiye da kwastad mai madara da yawa. Na uku labarin baka ne: wai an tambayi wata mai girki wane irin fai ne wannan, ta amsa cewa just pie, wato fai ne kawai, amma da karin harshen kudu ya fito kamar jes' pie, sai furucin nata ya zama suna. Babu ruwansa da wasan darar Turawa mai irin wannan suna.

Kayan haɗi

Ana sa shi cikin rukunin fai ɗin da Amurkawa ke kira na lokacin babu, waɗanda uwargida ke yi da hunturu idan 'ya'yan itace sun ƙare, ba abin da ya rage sai kayan da kowane gidan gona ke da su. Ma'aunin da aka fi gani ga faranti mai faɗin inci 9, wato kimanin santimita 23, shi ne ƙwai 4, bota rabin kofi, kusan giram 113, sukari kofi ɗaya da rabi zuwa biyu, garin masara cokali ɗaya ko biyu na cin abinci, madara kwatan kofi, ruwan kal cokali ɗaya, gishiri kaɗan da banila. Ruwan kal ɗin ba don a ji tsaminsa ba ne, aikinsa ya rage kaifin sukari. Wasu gidajen lemun tsami suke sawa, wasu garin koko.

Da kitsen alade ake yin ɓawon a al'adar tsofaffin gidajen kudu. Musulmi mai son gwadawa sai ya yi da bota, wadda da yawa daga masu gasa shi suka koma gare ta a yau.

Yadda ake gasa shi

Ana murje bota mai sanyi cikin fulawa da yatsu har ta yi kamar tsaki, a yayyafa ruwan sanyi a tattara, ba a cuɗa shi kamar kwaɓin burodi, don cuɗawa na sa ɓawo ya yi tauri. Bayan ya huta a firji sai a murza shi, a shimfiɗa a faranti, a lulluɓe da takardar gashi, a danne da busasshen wake, a fara gasa shi shi kaɗai. Masu tsallake wannan matakin su ne ke samun gindin fai ɗin a jiƙe kamar ɗanyen kwaɓi.

Haɗin cikin ba ya son bugu da yawa. A narkar da bota a bar ta ta huce, don kada ta dafa ƙwan tun a kwano, a juya da sukari da garin masara, sannan a riƙa fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya. A zuba a ɓawon, a sa a obin mai zafin digiri 350 na ma'aunin Farenhait, kusan 175 na Selsiyos, tsawon minti 45 zuwa 55.

Farin ƙwai kan fara daskarewa a wajen digiri 62 na Selsiyos, gwaiduwa kuma a wajen 65. Sukari da madara na ɗaga wannan iyaka, shi ya sa kwastad na yau da kullum sai ya kusa 80 yake kamawa. Tazarar da ke tsakanin kamawa da wuce gona da iri 'yar kaɗan ce. In zafi ya yi yawa, ƙwan zai matse ya tsatso ruwan da ya riƙe, cikin ya yi gudaji-gudaji, saman ya tsage. Garin masara na ba da ɗan kariya daga haka, yana kuma taimaka wa ƙanzon sama. Amma babbar kariya ita ce ido. Ana ɗan girgiza farantin a hankali: in gefe ya tsaya cak, tsakiya kuma, wajen faɗin gindin kofin shayi, tana ɗan rawa kamar kindirmon da ya kwanta, to a fito da shi. In tsakiyar na tangal-tangal kamar ruwa, da saura. In ba ta motsi sam, an makara. Zafin da ya rage a jikinsa shi zai ƙarasa aikin a kan tebur, kuma sai ya yi awa biyu ko fiye yana hucewa kafin wuƙa ta shiga.

Girkin gado

Kusan kowane dangi a kudu na da nasa ma'aunin, a rubuce a ɗan kati mai tabon maiƙo da sunan wata kaka ko gwaggo a samansa, ko a littattafan girki da matan coci ke tattarawa don tara kuɗi. Tsofaffin katunan kan ce bota kamar girman ƙwai, sukari kofin shayi biyu, a gasa a wuta matsakaiciya har ya yi. Auna kofi da cokali a share baki daidai bai bazu ba sai bayan littafin Fannie Farmer na 1896, kuma murhun itace ba shi da lambar zafi. Abin da katin bai faɗa ba, yarinya kan koye shi ne a tsaye kusa da mahaifiyarta, shi ya sa 'yan'uwa biyu kan bi kati ɗaya su fito da fai biyu daban. An fi ganin sa a teburin bikin godiya, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, da Kirsimeti, da kuma cikin abincin da maƙwabta ke kaiwa gidan rasuwa.

Yana da dangi na kusa. Akwai wanda ake yi da tsala, nonon da aka kaɗe aka cire masa mai, ya fi laushi da ɗan tsami, ana son sa a Teksas. A garin Maysville na Kentaki akwai wanda ba a sa masa garin masara, cikinsa ya yi sheƙi kamar ana hango ƙasansa. Na jihar Indiyana kuwa kirim ne da sukari, da fulawa ko sitaci ake ɗaure shi, a barbaɗa gyaɗar ƙamshi a sama, kuma yawanci ko ƙwai ɗaya ba a fasa masa.