Ba Wa Ɗan Talaka Tsohuwar Kwamfuta a Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da kwamfutar da aka sabunta?

Ita ce wadda wani ya yi amfani da ita, sannan mai gyara ya buɗe ta, ya sauya abin da ya lalace, ya goge ta, ya ɗora mata manhaja sabuwa. Ba kowace tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ce ke shan wannan aiki ba. A Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba, za ka ga wadda fuskarta ke ƙyalli alhali batirinta ba ya kai ko'ina.

Yaron da karatu bai gama zauna masa ba, me zai yi da kwamfuta?

Ɗan Bahaushe a Agege ko Idi-Araba da Hausa yake tashi a gida, a titi ya ji Yarabanci da Buroka, a aji kuma a ce sai Turanci. Sau da yawa babu littafin karantawa a ɗakinsu in ban da na makaranta. Kwamfuta ɗaya za ta ɗauki ɗaruruwan labaran yara masu hotuna, irin waɗanda African Storybook ke bayarwa kyauta, har da na Hausa. Yaro ya karanta da harshen da yake ji, sannan ya haura zuwa Turanci. In ya fara buga sunansa da na ƙannensa, ya laluɓo inda ƙ da ɗ da ɓ suke, rubutu ya fara shiga jikinsa.

Ga kuma jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Abin tausayi ne yarinya ta san amsa, amma lokacinta ya ƙare wajen kokawa da linzamin kwamfuta (mouse) saboda ranar ce ta fara taɓa shi.

To kuɗin data da wuta fa?

Manhajar Kiwix tana sauke Wikipedia cikin kwamfuta, a karanta ba tare da intanet ba. Batun wuta kuwa, laftof mai batir lafiyayye ta fi ta tebur amfani a gidan da ba janareta.

Wace iri ce ta cancanci a bayar?

A nan ne masu niyyar alheri ke kuskure. Wasu rumbun ofis kawai suke sharewa, su kira shi sadaka. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mara kyau ya bayar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. A ganina a nemi mai RAM (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) 8GB, in ta yi wuya 4GB, da ma'ajiyar bayanai mai sauri irin ta SSD, da caja mai kyau. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan a sa musu Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

Bayanan da ke ciki fa?

Share fayil da hannu ba ya raba shi da ma'ajiya, gwani zai iya dawo da shi. A sa mai gyara ya goge ta gaba ɗaya ko ya sauya ma'ajiyar, musamman in ta kamfani ce mai ɗauke da bayanan jama'a.

Yaro za a miƙa wa ko makaranta?

Na fi son a ajiye kwamfutocin a Islamiyya ko makarantar unguwa, ƙarƙashin malami ɗaya da aka koya wa, a yanka wa 'yan mata nasu lokaci don kada maza su mamaye. Gidan da ake neman na abinci, ba mamaki laftof ta koma kasuwa, kuma ba zan ga laifin iyayen ba. A ware kuɗin gyara tun farko, domin caja da batir su ne ke fara mutuwa.

In ta mutu murus?

Kada a jefa ta bola ko a bari yara su ƙona wayoyinta don neman tagulla. Akwai dalma a allunan cikinta, hayaƙin kuma guba ne. A tambayi LAWMA (hukumar kula da shara ta Legas) ko LASEPA (hukumar kare muhalli ta jihar) inda masu karɓar sharar lantarki da izini suke, a kai musu.