Nakiya a Hanya, Sojan Waje a Bariki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a tashar mota da wajen shan shayi a fada, daga Yamai har Tawa.

Bam ya taɓa tashi a cikin garuruwanmu na Nijar, ko duk labarin daji ne?

Ya taɓa. A watan Disamba na 2007, lokacin tawayen ƙungiyar MNJ a arewacin ƙasar, nakiyoyi sun tashi da motocin farar hula a Tawa da Maraɗi. Ranar 8 ga Janairu 2008 wata ta kashe Abdou Mahamane, shugaban rediyon R&M, a unguwar Yantala ta Yamai. Gwamnatin Shugaba Tandja ta ɗora laifin a kan ƴan tawaye, su kuma suka musanta. Sai 23 ga Mayu 2013, da aka kai harin ƙunar baƙin wake da motoci a barikin soja na Agadas da ma'aikatar uraniyom ta Somaïr a Arlit, da safiya guda.

Yanzu akasarin abin yana kan hanyoyin karkara, musamman a jihar Tilaberi. Ma'aikatan hukumar zaɓe bakwai da suka rasu a yankin Dargol ranar 21 ga Fabrairu 2021, nakiya motarsu ta taka. Arewacin jihar Tawa kuwa bindiga ta fi yi masa ɓarna: sojoji 22 a Tazalit a 2016, da mutum 137 a ƙauyukan Tillia a Maris 2021, bisa lissafin gwamnati.

Me masu binne bam suke nema?

Ba kansu ɗaya ba, haɗa su a kwando guda kuma yakan sa a yi kuskuren magani. Ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta MUJAO da mutanen Mokhtar Belmokhtar, wani kwamandan masu iƙirarin jihadi, sun fito fili sun ce harin 2013 ramuwa ne don Nijar ta tura soja Mali. JNIM mai alaƙa da al-Ƙa'ida, da aka kafa a 2017 ƙarƙashin Iyad Ag Ghali, da reshen Daesh na Sahel, hanya suke so su mallaka. Idan soja ya daina bin wata hanya don tsoron abin da ke ƙarƙashin yashi, ƙauyukan bayanta sun zama nasu, su karɓi abin da suke kira zakka, su kora dabbobi, su rufe lakwal. Ƙungiyar ƴan tawaye ta FPL da ta fasa bututun man Agadem a Yunin 2024 siyasa ta kawo ta: ta nemi a saki hamɓararren shugaban ƙasa Mohamed Bazoum, ta kuma san bututun nan mai kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Benin shi ne jijiyar kuɗin gwamnati.

Barazana ta fi bam araha. Saƙon murya ɗaya yana iya watsa kasuwar mako ba tare da an binne komai ba.

To sojojin waje, don waɗannan bama-bamai suka zo?

Haka takardun yarjejeniya suka ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba ƙasar da ke ɗauko ƴaƴanta ta kawo su Sahara don zumunci.

A fara da Libiya. NATO ta shiga yaƙin 2011 da sunan kare farar hula, aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, rumbunan makamansa suka watse, arewacin Mali ya faɗi a 2012. Tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ya sha faɗin cewa ya gargaɗi manyan ƙasashe kan wannan yaƙin tun a taronsu na Deauville a Faransa. Wato shigar soja ta farko ce ta haifi dalilin ta biyu.

Faransa ta ƙaddamar da rundunar Serval a Mali a Janairun 2013, ta mayar da ita Barkhane ta yankin Sahel a 2014, har sojojinta suka kai 5,100. Dalilanta a jere suke. An sace ma'aikatanta a Arlit a 2010, an ɗauke samarinta biyu daga wani gidan cin abinci a tsakiyar Yamai a 2011. Kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar lantarkinta daga nukiliya yake, Nijar kuma ta shafe shekaru tana ba ta kusan kashi ɗaya cikin biyar na uraniyom da take saye. Sannan akwai girma: faɗa a ji a tsoffin ƙasashen da ta mulka yana cikin abin da ke riƙe mata matsayi a duniya. Masu cewa uraniyom kaɗai ne sun taƙaita, domin tana saye a Kazakistan da Uzbekistan ma. Masu cewa ba ya cikin lissafi kuwa, su je su tambayi mutanen Arlit.

Amurka ido take so. Ta fara tashin jirage marasa matuƙi daga Yamai a 2013, ta gina sansani na 201 a Agadas a kan dala miliyan ɗari da ɗoriya, inda ta riƙa leƙen Libiya da Mali da tafkin Cadi. Amurkawa da yawa ba su ma san suna da soja a nan ba sai da aka kashe huɗu a Tongo Tongo a Oktoban 2017. Tarayyar Turai damuwarta ƴan ci-rani masu bi ta Agadas, abin da ya haifi dokar 2015-36 ta hana safararsu, wadda aka soke a Nuwamban 2023. Rasha, da masu horonta suka sauka Yamai a Afrilun 2024, da Turkiyya mai sayar da jirage marasa matuƙi na Bayraktar, su ma kasuwar makamai da ma'adinai da goyon baya a zauren duniya suke nema.

Zamansu ya rage hare-hare? Tafiyarsu fa?

Sun kashe manyan kwamandoji, ciki har da Abu Walid al-Sahrawi, shugaban reshen Daesh na Sahel, a 2021. Amma suna nan aka kashe sojojinmu 71 a Inates da 89 a Cinagodar, wata guda tsakani. Wannan ne ya karya amana, harbin masu zanga-zangar da suka tare ayarin sojan Faransa a Tera a Nuwamban 2021 ya ƙarasa ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransawa suka fice a Disamba, Amurkawa suka gama kwashe kaya a Satumban 2024. Sun tafi, amma hare-haren ba su tsaya ba.

Dalilin na aiki ne. Jirgi yana ganin ayarin motoci daga sama, ba ya ganin mutum biyu a kan moto da dare suna tona gefen kwalbati. Wanda ya gan su makiyayi ne ko mai itace, shi kuma ba zai yi magana ba sai ya tabbata sunansa ba zai fita ba, kuma soja ba zai fara da shi ba.

Yaya ake gane wurin da aka binne abu?

Iri uku ne a taƙaice: mai tashi da nauyin abin da ya taka shi, mai jiran wani ya tayar da shi daga nesa, da wanda mutum ko mota ke ɗauke da shi. Na farkon ya fi cin talaka, don bai san motar soja da amalanken jaki ba. Wurin da aka fi sa shi shi ne inda dole mota ta rage gudu ko ta bi layi ɗaya: bakin gada, mashigar ƙorama, inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta fara. Ku kula da ƙasar da launinta ya saɓa da na kewaye, zaren lantarki da ya leƙo, duwatsun da aka jera, ko sawun tayoyi da ya kauce wa hanya ba dalili. Hanyar da aka saba ganin jama'a, yau ta yi tsit, ita ma magana ce. Da damina ruwa yakan shafe alamun nan duka.

Idan na ga jaka ko bido da ban yarda da shi ba?

Kada ka taɓa, kada ka jefe shi, kada ka zuba masa ruwa ko yashi. Ka koma ta inda ka fito. Kada ka yi kira kusa da shi, sai ka ba da aƙalla mita 15. Nisan da masu kwance bam ke bayarwa: mita 100 ga ƙaramar jaka, 200 ga babban akwati ko ƙaramar mota, 400 ga kamiyo. Ka tsaya bayan gini mai kauri, nesa da gilashi. Ka kira 17 na ƴan sanda ko 18 na ƴan kwana-kwana; a karkara, jandarma ko maigari. Kuskuren da ya fi kashe mutane shi ne cincirindon kallo da ɗaukar hoto, domin akan ajiye na biyu musamman don masu zuwa taimako.

Barazana ta waya ko WhatsApp fa?

Idan kira ne, ka ja shi da magana: ina abin yake, ƙarfe nawa, yaya kamarsa. Ka rubuta lambar da lokacin da kalmominsa yadda ya faɗe su, da karin harshensa da ƙarar da ka ji a bayansa. Shugaban lakwal ko sarkin kasuwa ya sa a duba hanyar fita da wurin taruwa kafin a kora jama'a can. Saƙon kuma hukuma za a kai wa, ba rukunin abokai ba. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a 2024, ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a.

Motar da ke gabanmu ta taka nakiya. Me za mu yi?

Ku tsaya cak, kada direba ya kauce gefe ko ya yi kwana, don gefen ma ana binnewa. Idan ba wuta ko harbi, zama cikin mota ya fi. In fita ta zama dole, ku sauka ta baya ku taka sawun taya, ɗaya bayan ɗaya, da tazara mai yawa. Wanda jini ke tsartuwa daga hannunsa ko ƙafarsa, a ɗaure masa ƙyalle mai faɗi kamar rawani, yatsa uku zuwa huɗu sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya. Igiya ko waya yanka nama suke yi. A rubuta lokacin da aka ɗaure a goshinsa, kada kuma a sassauta sai a hannun likita.