Sos ɗin tako a gida: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin dai su ne kullum, mai tambayar ce kawai ke canzawa. Ga su nan wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Anti, wai mene ne tako ɗin ma?

Abincin Meziko ne. Gurasa ce siririya ta masara ko alkama, a zuba mata nama ko wake da albasa, a ninke ta biyu a ci da hannu. Sos ɗin shi ne jan romon da ake ɗigawa a kai.

Me zan saya?

Kusan komai yana kicin ɗinki. Tumatirin leda biyu, irin mai giram 70, ruwa kofi ɗaya da rabi, ruwan khal babban cokali biyu, garin busasshen tattasai ƙaramin cokali biyu, garin kumin ƙaramin cokali ɗaya, tafarnuwa ƙwara biyu, rabin ƙaramar albasa, sukari ƙaramin cokali, gishiri, sai barkono gwargwadon bakinki. Ki goge albasa da tafarnuwar, ki dama tumatirin da ruwan sanyi tun kafin ki ɗora don kada ya yi gudaji, ki zuba sauran kayan. Wuta kaɗan, minti 15 zuwa 20, kina juyawa. Kaurinsa kamar na kunun tsamiya: ya kama bayan cokali amma ya zuba. Kumin ne kaɗai za ki iya fita nema, wajen masu kayan ƙamshi.

Wanda ke cikin kwalba a manyan kantuna, juya bayanta ki karanta. Ruwa da tumatir ne a sahun farko, sai ruwan khal da gishiri. Kuɗin jirgi da na dala kike biya.

Zan iya sa kori da dunƙule?

Ki sa, amma miyar shinkafa kika yi. Kuma ba a soya shi. Na ga masu fara ɗora mai a tukunya, hannu ya saba. A ajiye man nan.

Kumin shi ne habbatus sauda?

A'a. Habbatus sauda baƙa ce, kumin ruwan ƙasa ne, dogo siriri. Idan ƙwayarsa kika samu, ki gasa shi a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, sannan ki daka.

Ba mu da wuta sosai. Zan iya yin mai yawa in cika kwalabe in ajiye a kabad?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa.

Idan firij ɗinki yana riƙe sanyi dare da rana, sos ɗin da aka zuba a kwalba mai tsabta yana kai mako guda lafiya, wataƙila ya ɗan wuce idan ruwan khal ɗin ya ji kuma ba a tsoma masa cokalin da aka lasa. A firiza yana yin watanni. Amma firij ɗin da ke samun wuta awa uku ya kwana babu, wannan kabad ne mai ƙofar roba, kada ki yi lissafi da shi. Ki ɗauka kwana biyu zuwa uku, ya danganta da yawan buɗe shi da kuma lokacin, don sanyin Janairu daban, zafin Afrilu daban.

Kwalba a rufe ruf a kan kanta kuwa, ba na ba da shawara, ga dalili. Akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska, gubarta tana shanye jijiyoyi, ana kiran cutar botulizim. Ba ta iya girma idan tsamin abinci ya kai, wato ma'aunin tsami da ake kira pH yana ƙasa da 4.6 (idan tsami ya ƙaru, lambar raguwa take yi). Matsalar ita ce tumatir yana bakin wannan iyaka ne, albasa da tafarnuwa da ɗanyen tattasai kuma ba su da tsami, suna rage nasa. Tafasawar tukunya ba ta kashe irin ƙwayar, sai zafin da ya kai digiri 121 a ma'aunin Celsius, wanda tukunya mai matse tururi ke bayarwa. Abin da ya fi muni, gubar ba lallai ta yi wari ko ta canza launi ba, don haka maganar "ai na shinshina lafiya lau" ba hujja ba ce. Kamfani yana auna tsamin kowace tukunya. Ke da ido kike zubawa.

Ba ina cewa ba a iya yi a gida ba. Ana yi, da ruwan khal mai tsami kashi 5 cikin 100, da awo da aka gwada, da murfin da aka yi don wannan aikin, a dafa kwalaben cikin ruwa na lokacin da aka ƙayyade. Wadda ta koya da kyau ta yi. Amma awon da na bayar a sama na ci ne yanzu, ba na ajiyar wata shida ba, kuma tsohuwar kwalbar bama da leda a baki ba ta cikin wannan lissafi.

Ɗumamawa safe da yamma fa? Tana ja miki kwana ɗaya ko biyu, amma sos ɗin yana ƙara kauri, tsamin yana gudu, kuma akwai gubar wasu ƙwayoyin da zafi ba ya lalatawa idan abincin ya riga ya daɗe a waje.

Abin da nake yi ya fi duk wannan sauƙi. Na haɗa busassun kayan da yawa, garin tattasai, kumin, barkono, garin tafarnuwa, gishiri da sukari, na rufe a kwalba nesa da danshi. Wannan ba ruwansa da wuta. Ranar da ake so, tumatirin leda ɗaya, ruwa, cokalin khal, cokalin gari, minti goma an gama, a cinye a ranar. Kwantar da hankalinki, ba a taɓa yin asarar leda ɗaya ba.

Babu ruwan khal, lemun tsami zai yi?

Zai yi. Ki matse bayan kin sauke.

Na sa attarugu, yara sun kasa ci.

Ai dole. Barkonon halapenyo da ake yawan sawa a Meziko yana tsakanin 2,500 da 8,000 a ma'aunin yaji na Scoville, attarugu kuwa daga 100,000 yake farawa. Rabin ɗaya ya ishi wannan awon, a cire 'ya'yan da farin cikin. Wanda ya riga ya yi yaji, ƙara masa tumatir da ruwa. Sukari ba zai cece ki ba.

Wannan shi ne ainihin wanda 'yan Meziko ke ci?

Ba shi ba ne. Wannan salon Amurka ne, irin na kwalba da na shaguna kamar Taco Bell, wanda Glen Bell ya buɗe a Kalifoniya a 1962. A Meziko gasa ɗanyen tumatir da barkono da tafarnuwa suke yi har fatar ta yi baƙi-baƙi, su niƙa a turmin dutse, ko su jiƙa busasshen barkono su markaɗa. Tumatir da barkonon ma asalinsu daga nahiyar Amurka suka zo mana, don haka busasshen tattasanmu ba baƙo ba ne a wannan girki. Idan tumatir ya yi araha da rani, gwada nasu: manya huɗu a kan garwashi, albasa, gishiri, lemun tsami. Ya fi daɗi, sai dai ba ya kwana.

Nawa ya yi ɗanɗanon gwangwani.

Bai dahu ba. Mayar da shi wuta minti biyar, ki ƙara ɗan sukari.

Dole sai da tako ake ci?

Wa ya ce? Ki zuba a kan soyayyen dankali, ƙwai, awara ko shawarma.